Horon nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta intanet: abin da na samu cikin makonni 12

Na yi shekaru ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano da ke rubuta wa masu masana'antu da 'yan kwangila rahoton tasirin da ayyukansu za su yi ga muhalli, wato abin da ma'aikatan wannan fanni suke kira EIA a taƙaice, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa zama a aji an koya mini aikin daga tushe ba. Ilmin ƙasa na karanta a jami'a, sauran kuwa a bakin aiki na tsince shi, kamar yadda yawancin abokan sana'ata suka tsince shi: a ɗauko tsohon rahoto, a duba yadda aka jera babobinsa, a bi sawu. Wannan hanya tana fitar da takarda mai kauri, amma ba ta koya wa mutum dalilin da ya sa aka jera babobin haka, kuma ranar da aka zo da aikin da bai yi kama da na baya ba, sai a ga marubucin ya rasa inda zai kama. Abin da ya sa ke nan na yi rajistar wani horo na makonni 12 da wata cibiya a ƙasar waje take bayarwa ta intanet ga ma'aikatan da suka riga suka shiga sana'ar. Ba zan ambaci sunan cibiyar ba, domin ba talla nake yi mata ba, kuma yawancin abin da zan faɗa, na yabo da na gyara, ya shafi duk wani horo mai irin wannan tsari.

Tsarin bai da wuyar fahimta. Kowane mako akwai karatun da ake saukewa, da gajerun bidiyo da aka riga aka naɗa, da aikin rubutu da ɗalibi zai miƙa kafin ƙarshen mako, sannan an haɗa kowane ɗalibi da malami guda wanda yake duba aikinsa daga farko har ƙarshe. Bayan kowane mako biyu ana haɗuwa kai tsaye ta Zoom da sauran ɗalibai, waɗanda suka fito daga ƙasashe daban-daban na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Da dala ake biyan kuɗin, kuma ga mai karɓar albashi da naira kuɗi ne da sai an yi shiri kafin a fitar da su. A lokacin da na yi rajista katin bankina ba ya biyan kuɗi zuwa ƙasashen waje, sai da wani abokin aikina mai asusun dala ya biya mini na mayar masa da naira, kuma cibiyar ba ta tanadi wata hanya ta daban ga masu irin wannan matsala ba, duk da cewa ta san yawancin ɗalibanta daga ina suke fitowa.

Makonnin farko tarihi ne da ma'anar kalmomi, kuma an wuce su da sauri yadda ya dace. An fara da dokar muhalli ta Amurka da aka sa wa hannu ranar 1 ga Janairu, 1970, wadda ita ce ta fara wajabta wa hukumomin gwamnati su auna illar manyan ayyuka kafin su yanke shawara, aka gangaro zuwa taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a birnin Rio a 1992 da ƙa'idarsa ta 17, wadda ta nemi kowace ƙasa ta mayar da wannan nazari wani ɓangare na dokokinta. Ɗan Najeriya zai ji cewa akwai gurbi a nan, domin namu tarihin daga garin Koko ya faro, a jihar Delta ta yanzu, inda aka gano a 1988 cewa an jibge gangunan sharar guba da aka kawo daga Italiya. A wannan shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA, a 1992 aka yi doka ta 86 wadda har yanzu ita ce dokar EIA ta ƙasa, a 1999 aka mayar da aikin hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Ban ga laifin cibiyar ba da ba ta kawo wannan tarihi ba, tunda ɗalibanta ba na ƙasa ɗaya ba ne, amma ya kamata mai niyyar shiga ya san cewa wannan ɓangaren da kansa zai nemo shi.

Inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne makonnin da aka yi a kan shata iyakar nazari, wato matakin da ake zama a yanke abin da za a bincika da abin da za a bari, da kuma iyakar ƙasar da binciken zai shafa. An umarci kowane ɗalibi ya ɗauko aiki daga ƙasarsa, na gaske ko na misali, ya riƙe shi har ƙarshen horon. Ni na ɗauki misalin wata matsakaiciyar madatsar ruwa da za a gina a kan ɗaya daga cikin rafukan da ke zuba cikin kogin Haɗeja. Na yi abin da na saba yi a ofis: na buɗe taswira, na zana da'ira ta 'yan kilomitoci a kewayen wurin ginin, na lissafa ƙauyukan da suka faɗa ciki, da gonakin da ruwa zai ci, da ƙurar da motocin gini za su tayar, na miƙa. Malamin ya dawo mini da aikin da tambayoyi uku kawai a gefen shafi. Ya tambaye ni ina ruwan yake zuwa bayan ya wuce madatsar, da su wane ne suke jiran sa a can, da kuma a wane wata na shekara suke jiran sa. Ya ƙara da cewa iyakar nazari ba da ma'aunin nisa ake zana ta ba, tasirin ne da kansa yake nuna inda ya tsaya, kuma tasirin madatsa yana bin ruwa ne zuwa duk inda ruwan ya saba zuwa.

Waɗannan tambayoyi sun tsayar da ni kwana biyu, domin amsarsu tana gabana tun ina yaro. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992, kuma su biyun sun canza yadda ruwa yake isa fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda suke da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga wurin da aka zuba kankaren. Kafin madatsun, ambaliyar damina takan malale fadama, ta ja da baya a hankali, manomi ya shuka shinkafa a ruwa, ya bi danshin da ya rage da wake ko alkama ko kayan lambu, masunci ya kama kifin da ya hayayyafa a malalen, makiyayi ya sauko da shanunsa da rani ya sami ciyawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ya cika rijiyoyi. Bayan madatsun sai malalen ya ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi, yayin da mutanen da ke can ƙasa a kan Komadugu Yobe, har zuwa bakin tafkin Cadi, suke ganin ruwan da ke isa gare su ya ragu. Masana tattalin arziki da suka yi nazarin yankin a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa idan aka bar shi ya malale fadama ya fi wanda ake samu idan aka karkatar da shi zuwa manyan gonakin ban-ruwa na sama. Duk wannan na san shi, amma ban taɓa haɗa shi da da'irar da nake zanawa a ofis ba. Da na sake aikin, iyakar nazarina ta zama doguwa siririya mai bin kwarin kogi, kuma jerin mutanen da abin ya shafa ya ninka, har da waɗanda ba za su taɓa ganin madatsar da idonsu ba.

Daga nan aka shiga batun tasirin da ke taruwa, wanda a ganina shi ne darasi na biyu mafi amfani. Ma'anarsa ita ce aiki guda yana iya zama ba shi da wata illa ta a-zo-a-gani, amma idan aka ɗora shi a kan ayyuka goma da suka riga shi, sai tulun ya fashe. Mutumin Kano ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin ya san yankunan masana'antu na Calawa da Sharaɗa da Bompai, inda masana'antun jima da na saƙa suka daɗe suna sakin ruwan da suka gama aiki da shi, wanda yakan ɗauki sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi, kuma manoman lambu a ƙasa suna ban-ruwa da abin da ya gangaro musu. Idan kowace masana'anta ta kawo rahotonta ita kaɗai, kowace za ta iya cewa nata kason kaɗan ne. An koya mana yadda ake tambayar abin da kogi zai iya ɗauka gaba ɗaya kafin a tambayi abin da sabon aiki zai ƙara, kuma tun daga lokacin na daina amincewa da duk rahoton da bai ambaci maƙwabtan aikin ba.

An ba da mako guda ga hanyoyin auna girman illa, aka nuna mana jadawalin Leopold na 1971, mai ayyuka 100 a gefe ɗaya da sassan muhalli 88 a ɗaya gefen, wanda ke ba da gurabe 8,800 idan za a cike shi duka. Na ji daɗin yadda aka koyar da shi, domin ba a gabatar da shi kamar wani ma'auni da ba ya kuskure ba. An ja kunnenmu cewa lambar da aka rubuta a gurbi hukuncin mutum ce, kuma dole marubuci ya bayyana dalilin da ya sa ya ba wata illa maki mai yawa, ya ba wata kaɗan, ya faɗi ko illar za ta daɗe, ko za a iya gyara ta, da kuma wanda za ta faɗa wa. Rasa kadada guda ga mai kadada hamsin da rasa ta ga wanda ita ke nan gare shi ba abu ɗaya ba ne, ko da lambar da ke jadawali iri ɗaya ce. Haka kuma darasin matakan rage illa ya zauna mini sosai: a fara da kauce wa illar gaba ɗaya ta hanyar canza wuri ko tsarin aikin, idan ba zai yiwu ba a rage ta, sannan a gyara abin da ya lalace, diyya kuwa ita ce ta ƙarshe. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan jeri ba ya aiki sai an kira mai nazari tun ana zanen aikin, tun ran gini tun ran zane. Abin da muka fi gani a wurinmu shi ne a kira mu bayan katafila ta riga ta share fili, domin banki ko hukuma ta nemi takarda, wato ihu bayan hari, kuma horon bai ɓoye cewa nazarin da aka yi a wannan lokaci ya riga ya rasa rabin amfaninsa ba.

Aikin da ya fi ba ni wuya shi ne rubuta tsarin kula da muhalli da za a bi lokacin gini da bayansa. Malamin bai karɓi jimla irin ta "za a riƙa yayyafa ruwa domin rage ƙura" ba sai na rubuta wanda zai yayyafa, da sau nawa a rana, da inda za a ɗebo ruwan ba tare da an rage na mutanen gari ba, da kuɗin da za a ware, da wanda zai duba ko an yi. Sau uku ya dawo mini da wannan babi. Wannan tsanani shi ne abin da mutum yake biya, kuma shi ne ya bambanta horon da ke da malami mai duba aiki da wanda ake kallon bidiyo a amsa tambayoyin canki-canka a sauke takardar shaida.

Yanzu sai inda horon ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Tattara bayanan halin da muhalli yake ciki kafin a fara aiki sana'a ce ta hannu da ƙafa, kuma bidiyo ba ya koyar da ita. An nuna mana hoton na'urar auna ƙura da ta auna ƙara, an yi bayanin yadda ake ɗiban samfurin ruwa, amma wanda bai taɓa riƙe kwalba a bakin rijiya ba, bai san wane samfuri ake sa wa sinadarin adanawa ba, bai san yadda ake kai akwatin ƙanƙara daga ƙauye zuwa ɗakin gwaji cikin zafin bazara kafin samfurin ya lalace ba, ba zai fito daga wannan horo ya iya ba. Gani ya kori ji. Ban da haka, misalan da aka kawo duka na ƙasashe ne masu tashoshin auna iska da ruwa na shekaru da yawa, inda mai nazari zai zauna a ofis ya sauke bayanai. A nan manyan ayyuka ana neman a ɗibar musu bayanai na damina da na rani, kuma dalilin a fili yake: wanda ya auna ƙura a Kano cikin hazon hunturu zai sami lamba mai tsananin yawa wadda ba ta da alaƙa da wata masana'anta, wanda ya auna a watan Agusta kuma zai sami iska garau, rafin da yake cike a watan Satumba yashi ne a watan Maris, burtalin da ba kowa a kansa yau, gobe garken shanu ne. Na tayar da wannan batu a ɗaya daga cikin haɗuwarmu ta kai tsaye, malamin ya yarda da muhimmancinsa, amma babu darasin da aka gina a kansa. Haka ma batun sauyin yanayi, an taɓa shi ne sama-sama, alhali ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Maiduguri a watan Satumba na 2024 ta isa ta sa duk mai nazarin madatsa ya tambayi ko ruwan saman da aka yi lissafi da shi lokacin zane shi ne wanda ake samu yanzu.

Darasin tuntuɓar jama'a yana da kyau a ƙa'ida, kuma ya dogara sosai a kan mizanai goma na Bankin Duniya kan muhalli da zamantakewa da suka fara aiki a watan Oktoba na 2018, musamman na biyar da ya shafi karɓar ƙasa da sake tsugunar da mutane, da na goma da ya shafi masu ruwa da tsaki. Na amfana da kwatanta su da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma karkata diyya ga abin da aka gina ko aka shuka, yayin da mizanin Bankin yake neman a biya abin da zai ishi mutum ya maye gurbin abin da ya rasa, ya kuma tanadi taimako har ga wanda ba shi da takardar mallaka. Amma mutanen da darasin yake tunanin za a tuntuɓa mutane ne masu karanta rahoto, masu aika ƙorafi ta imel, masu zuwa zauren taro su ɗaga hannu. A Najeriya ana ajiye daftarin rahoto na kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba, galibi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ofisoshin muhalli, kuma takarda ce mai ɗaruruwan shafuka da Turanci. Manomin da gonarsa za ta tafi bai san an ajiye ta ba, da ya sani ma ba zai iya karanta ta ba. Taron da ake yi a ƙofar gidan dagaci yana tara magidanta ne, kuma a gaban dagaci da wakilin hakimi ba kowane talaka ne zai buɗe baki ya ce bai yarda ba. Matan da ke cikin gida, waɗanda su ne suka fi sanin rijiyar da ke ƙafewa da cutar da ke damun yara, ba za a ji su ba sai an aika musu mace ta shiga ta zauna da su. Makiyayan da ke bi ta wurin wata biyu a shekara ba sa cikin rajistar kowa, sai an nemi arɗonsu. Horon bai koya mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba na ɗaukar su ƙananan abubuwa, domin abin da ya faru a madatsar Bakolori a watan Afrilu na 1980, lokacin da 'yan sanda suka far wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu aka rasa rayuka da yawa, daga rashin sauraron mutane ya samo asali. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ita ma a cikin gidaje ta faru, inda ake niƙa duwatsun zinariya, wurin da mai nazarin da ya tsaya a ƙofar fada ba zai taɓa gani ba.

Dokar ƙasa kuwa, kamar yadda na ambata, ɗalibi ne zai ɗauko ta da kansa, kuma ina ba da shawarar a ajiye ta a gefe tun daga makon farko ana karanta ta tare da darussan. A jadawalin dokar 1992 ne mutum zai ga ayyukan da nazari ya wajaba a kansu, kamar madatsa ko tafkin da faɗinsa ya kai kadada 200, da aikin ban-ruwa na kadada 5,000, da rukunin gidaje na kadada 50, da bututun mai ko gas da ya wuce kilomita 50, wanda ke nuna cewa aiki irin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ya shiga ciki ba tare da gardama ba. A can ne kuma zai ga cewa tarar da aka yanka wa kamfanin da ya karya dokar ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, kuɗin da a yau ba zai hana babban ɗan kwangila barci ba, kuma sanin wannan yana taimaka wa mai nazari ya gane dalilin da ya sa sharuɗɗan masu ba da rance suka fi tasiri a kan manyan ayyuka fiye da tsoron hukunci. Wani ɗan ajinmu daga Nijar ya fuskanci irin wannan gurbi ninki biyu, domin ƙasarsa tana bin dokar 2018 da hukumarta ta tantance muhalli da ake kira BNEE, kuma da Faransanci yake aiki, horon kuwa da Turanci ne zalla. Mu biyun mukan koma WhatsApp bayan darasi mu warware wa juna abin da aka faɗa da Hausa, kuma a wannan hira ce muka lura cewa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya ratsa dokokin ƙasashe biyu, batun da ya cancanci darasi na kansa. Wanda yake son horon da aka gina a kan dokar Najeriya yana iya duba cibiyoyin SPESSE, shirin horarwa kan mizanan muhalli da zamantakewa da Bankin Duniya ya tallafa, waɗanda akwai su a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci, kuma ina ganin haɗa irin wannan da horon waje ya fi ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Ta fuskar kayan aiki, an kyauta da aka sa karatun ya zama abin saukewa, domin na karanta mafi yawansa ba tare da intanet ba, kuma an sa rubutu a ƙasan bidiyo, abin da ya taimaka wa masu wahalar jin karin harshen wasu malamai. Haɗuwar kai tsaye ita ce mai cin data, kuma sau biyu sabis ya yanke mini a tsakiyar bayani, ko da yake ana naɗar zaman a ajiye. Sau ɗaya an sa zama a daidai lokacin sallar Juma'a, da muka yi magana aka canza shi ba tare da jayayya ba. Ana iya karatun a waya, amma aikin taswira da aka ba mu da manhajar QGIS, wadda kyauta ce, ba ya yiwuwa sai da kwamfuta, kuma wanda ba shi da sola ko janareta zai sha wahalar cika wa'adi. An ce mana awowi kaɗan a mako sun isa, amma ni na ga sai na ninka abin da aka faɗa kafin in yi aikin da malamin zai karɓa, kuma wanda ke da aikin ofis da iyali ya kamata ya yi lissafi da haka tun kafin ya biya.

Takardar shaidar da ake bayarwa a ƙarshe shaida ce ta kammala horo, ba lasisin aiki ba ce. Ba ta maye gurbin rajistar da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya take yi wa kamfanonin da ke wannan aiki, kuma wanda ya saye ta da tunanin cewa ita kaɗai za ta buɗe masa ƙofar kwangila zai yi da-na-sani. Amfaninta yana fitowa ne idan ana neman aiki a shirye-shiryen da masu ba da rance na waje suke tallafawa, irin su ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja, inda ake tambayar ko mutum ya san mizanan Bankin Duniya. Saboda haka ba zan ba sabon ɗalibin da ya gama jami'a bai taɓa fita fili ba shawarar ya fara da wannan ba. Gara ya bi wata tawaga ya yi damina ɗaya da rani ɗaya yana ɗiban samfuri yana zama a tarukan ƙauye, sannan ya zo. Wanda ya riga ya yi shekara biyu ko uku a aikin, ko jami'in ma'aikatar muhalli ta jiha da ake turo wa rahotanni ya duba, ko injiniyan da ke zana ayyuka, shi ne zai ci moriyar kuɗinsa, da sharaɗin ya zo da misali daga yankinsa ya riƙe shi da gaske, domin darussan suna zama ne a kan abin da ɗalibi ya kawo.

Aikin farko da ya zo hannuna bayan na kammala na wata ƙaramar masana'antar sarrafa shinkafa ne da za a gina a gefen wani gari, kusa da rafi. Kafin in rubuta komai sai na bi rafin da ƙafa har inda ya shiga fadama, na tarar da masu lambun albasa da tumatir da kuma wata mashayar shanu da ba ta cikin taswirar da aka ba mu. Na nemi a ɗauki mace cikin tawagar domin ta shiga gidaje, na rubuta taƙaitaccen bayanin aikin da Hausa a shafi biyu aka karanta shi a ƙofar dagaci da kuma bayan sallar Juma'a, na kuma kai wa mai aikin shawarar ya matsar da ramin tace ruwan masana'antar zuwa ɗaya gefen filin, nesa da rafin, tunda ba a riga an zuba harsashi ba. Ya yi jinkiri saboda ƙarin kuɗin bututu, na ce masa, "Alhaji, yanzu bututu ne kawai za ka ƙara, idan aka gama gini kuwa rushewa ce." Bayan mako guda injiniyansa ya aiko da sabon zane, ramin yana gefen gabas.